Jinin Alu Mai Tsire

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Rano da yamma, hancinsa ya riga idonsa sanin Alu. Tukubarsa na gefen titi, daf da rumfar da nake gyaran babura, kuma hayaƙinta ni na yi ta sha kyauta shekara da shekaru. Ni ne Habu, taubashinsa. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ni ƙara, kuma idan na ƙara gishiri ya saba.

A Yalwa aka haife shi, a gidan mahauta. Kakansa mahauci, ubansa mahauci, shi ma bai tsaya neman shawarar kowa ba. Tun kansa bai kai teburin nama ba yake yanka albasa yana hawaye. Da ya girma ya ga hannaye sun yi wa fawar gidansu yawa, sai ya dawo Rano, ya gina tukuba, ya auri Tani, ya zauna. Mutum ne mai kaurin wuya da ƙananan idanu waɗanda hayaƙi ya rina, kuma a duk masu taɓa nama tsakanin Rano da Kibiya ban san wanda ya kai shi tsabta ba. Har haushi yake ba ni. Idan na miƙa hannuna mai baƙin mai zan zari tsinke ɗaya, sai na ji bayan wuƙa a kan yatsuna, ni da nake ɗan gwaggonsa.

Naman da bai ga yankansa ba ba ya hawa tukubarsa. Ran kasuwar Kibiya da kansa yake zuwa ya zaɓi dabba a hannun Fulani, ya buɗe baki ya duba haƙori, ya danna gadon baya, a yanka a gabansa, ya tsaya a kai har jinin ya gama tsiyaya. Ranar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, jama'a suka cika motoci zuwa birni, shi ko gezau. Na ce masa, "Kai ba za ka je ba?" Ya ce, "Ni ai na daɗe da ƙaddamar da ita a kan tukubata." Ba shi da gonar kirki, ba shi da saniya ko ɗaya. Abin da ya mallaka a duniya shi ne mutanen da za su ci abin da ya miƙa musu ba tare da sun tambayi daga ina ya fito ba.

Sai ga shekarar da rediyo ya cika da maganar wata sabuwar mura. Mu a nan duk abin da ya sa ka atishawa mura ce, ka sha citta da lemon tsami, ka shafa man zafi, ka tafi aikinka. Wannan kuwa aka ce daga wata ƙasa mai nisa ta taso, tana kayar da ƙato, kuma sunan da aka raɗa mata shi ne murar aladu. Muka sha dariya a majalisa. Muka ce wannan ba tamu ba ce, ta je ta nemi masu ita.

Da damina ta kankama, Alu ya je ɗaurin aure birni, ya dawo a bas ɗin da aka cusa mutane kamar buhunan gero, tagogi a rufe saboda ruwa. Bai jima ba ya fara tari. Ya sha cittarsa, ya shafa mansa, ya ci gaba da juya tsire, har ranar da ya zo ɗaga itace ya zube a gindin tukuba. Zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya zama aiki. Ni na saka shi a mota zuwa wani asibiti a Kano, Tani na riƙe da kansa tana salati. A can aka sa masa robar iska a fuska, aka zura masa wani tsinke mai auduga can cikin hanci. Na sunkuya na ce masa yau dai an tsire mai tsire, amma bai iya ko harara ta ba, kuma a nan ne na ji tsoro na gaske.

Sakamako ya fito ranar da 'yan dubiya daga Rano suka cika barandar ɗakin. Suka tare wata nas suna tambaya, me ke damun Malam Alu? Baiwar Allah ta faɗi sunan cutar da Turanci, ta ga ba wanda ya gane, sai ta ce, "Ita ce wadda kuke ji a rediyo, murar aladu." Ba da mugun nufi ta faɗa ba. Amma kafin motar 'yan dubiyar ta wuce Bunkure, labarin ya riga su isa Rano ta waya.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Ya tashi, ya dawo gida wuyan nan nasa ya zama rabi, ya huta, sannan ya je Kibiya ya zaɓo rago mai kyau, ya hura wuta. Ya jera tsirensa, ya barbaɗa ƙuli da yaji, ƙamshi ya game tasha kamar kullum. La'asar ta yi, magariba ta yi, ba wanda ya tsaya. Direbobin da ke cin bashin tsire a wurinsa suka riƙa ɗaga hannu daga nesa suna cewa sannu da jiki. Wani Alhajin da ya fi shekara goma yana aiken gidansa da tsiren Alu, da ya hango tukubar sai ya tsallaka titi kamar ya tuna wani abu a ɗaya gefen.

Ga lissafin mutanenmu, in kuna son ji. 'Yan shekaru kafin nan an yi murar tsuntsaye, an ce musu kada ku taɓa mushen kaza, kada ku yanka wadda ke layi, domin a jikin kaza ake ɗauka. To, murar tsuntsaye daga tsuntsu. Murar aladu fa? Kuma a duk Rano wa ta kama? Mai nama. Shi ke nan, shari'a ta ƙare ba a kira wanda ake ƙara ba. Wasu suka ce da asuba ake kawo masa a buhu daga kudu. Wasu suka ce dama daɗin tsiren nan ya yi yawa. Alu fa, mutumin da sau ɗaya tak ya taɓa ganin alade a rayuwarsa, ta tagar mota a hanyar Jos, kuma ya tofar da yawu har muka isa.

Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na riƙa tsayawa a tsakiyar titi ina cin tsirensa ina lashe yatsu don a gani, na ci har cikina ya ɓaci. Ba abin da ya canja, sai ma aka ce ai taubashi ne, ko guba aka gasa zai ci don neman magana. Liman ya yi bayani bayan sallar Juma'a, ya ce zargi ba hujja zunubi ne, kowa ya gyaɗa kai, kowa ya fito ya wuce tukubar. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da aka yi wa Tani. Naman da ya kwantai takan dafa ta zuba a kwano ta aika wa maƙwabta, yadda ta saba. Kwanukan suka riƙa dawowa da nauyinsu, ko murfin ba a ɗaga ba.

Daga nan Alu ya daina hura wuta. Yakan zo rumfata ya zauna a kan tsohuwar taya, wai yana taya ni aiki, in ce ba ni sufana ya miƙo filaya. Wata rana da hantsi ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Habu, kaka na yi zan rushe tukubar nan. Zan tafi inda ba a san ni ba."

"Da wannan wuyan? Ko'ina ka je za a gane ka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Da mutuwa na yi a asibitin nan, da an yi mini shaidar kirki."

Na sunkuya na ci gaba da kwance tayar da ba abin da ya same ta.

Ana cikin haka wata safiya ɗan acaɓa ya sauke wani dattijon Bafillace a bakin tasha, dogo, siriri, da malafa da sanda. Ya tsaya a tsakiyar mutane ya ɗaga murya, "Don Allah ina zan sami mai murar aladu?" Hannaye suka miƙe wuri ɗaya kamar an tambayi alƙibla. Alu ya tashi tsaye a fusace, na rungume shi ta baya, domin na san akwai wuƙa a ƙugunsa kuma na san zuciyarsa ta kai wuya.

Dattijon ya ƙaraso, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban rumfar gyaran babur, cikin baƙin mai. Ya ce sunansa Ishiyaku, daga Fassi. 'Yarsa Salma na kwance a asibitin da Alu ya kwanta, da tsohon ciki, kuma cutar nan ce. An ba ta magani, maganin bai riƙe ta ba, kullum ƙasa take yi. Likitar da ke duba ta ta ce akwai wata sabuwar hanya da ake gwadawa, amma sai an sami wanda ya yi cutar ya warke, ya ba da jini.

"Malam, ka yafe mini sunan da na kira ka da shi, ban san wani ba," in ji shi. "Likita ta nemi waɗanda suka warke a hannunsu. Wani ya kashe waya, wani ya rantse bai taɓa kwanciya asibiti ba. Kowa ya ɓoye tasa. Kai kaɗai ne duk ƙasar nan aka sani."

Alu ya dube shi. Ya ce, "Baffa, naman da na gasa ba a ci. Jinina ne za a sha?"

"Ba sha ba ne, ɗana. Ni ma ban gane ba sosai. Na dai ga yarinyata tana neman iska ba ta samu."

Akwai abin da ya kamata ku sani game da ɗan kawun nan nawa. Mutumin da ya kayar da bijimai ba adadi, idan ya ga allura sai ya nemi hanyar gudu. Bayan wannan kuma, duk rayuwarsa a kan abu ɗaya ya gina ta, jini ƙazanta ne, a tsiyaye shi a zubar. Yanzu an ce nasa ne magani. Ya ce sai ya ji ta bakin Liman. Muka je zauren Liman mu uku, Liman ya saurara, bai ko gyara zama ba ya ce, "Ba ci ba ne, ba sha ba ne, ceton rai ne, kuma rai biyu. Me kake yi a nan har yanzu?"

Likitar sunanta Dakta Rahma, 'yar ƙaramar mace mai saurin magana. Ta zaunar da Alu ta yi masa bayani da Hausar da ko ni na gane. Ta ce lokacin da cutar ta shige shi, jikinsa ya tara mata dakaru na musamman waɗanda suka gane kamanninta, su ne suka kore ta. Ya warke, amma dakarun na nan suna yawo a cikin ruwan jininsa. Jikin Salma kuwa ciki ya raba masa ƙarfi, bai samu ya tara nasa ba. Aron na Alu za a ba ta su riƙe mata faɗan kafin nata su taso.

"Ba zan yi muku alkawari ba," in ji ta. "Sabon abu ne, a wasu ƙasashe ma gwada shi ake yi. Wani ya amfana, wani bai amfana ba. Amma abin da ke hannunmu ya ƙare."

Sai Alu ya yi tambayar da ta hana shi sukuni tun da ya bar gadon asibiti. "Likita, tsakaninki da Allah, alade ne ya sa mini?"

Ta fara dariya, da ta dubi fuskarsa sai ta tsaya. Ta ce, "Mutum ne ya yi tari kusa da kai, Malam Alu. Daga mutum zuwa mutum take yawo. Ba a ɗaukarta a nama, ko na mene ne. Masu bincike ne suka ga ta yi kama da wata da suka sani a jikin dabbar, sunan ya bi ta."

"To me ya hana ku canja mata suna?"

"An canja, a takarda. Bakin mutane ne bai karɓa ba."

Aka gwada jininsa, ya dace da na Salma, aka duba ba wata cuta a ciki. Da za a sa allurar ya kama hannuna ya matse har na ji ƙashi na ƙara, ya rufe ido yana karanta duk abin da ya zo bakinsa, har da addu'ar shiga kasuwa. Na ce masa ragunan Kibiya sun aiko a gaishe shi. Daga baya aka nuna mana abin da aka tace, ruwa ne rawaya-rawaya a leda kamar man gyaɗa. Ya dube shi ya ce wannan ba nasa ba ne, nasa ja ne, an musanya.

Ba a rana ɗaya Salma ta tashi ba. Sai da aka yi kwanaki ana kallon ƙirjinta, Ishiyaku na zaune a baranda da carbi, ya ƙi ci ya ƙi sha. Sannan zazzaɓin ya fara sauka, aka cire robar iska, ta buɗe ido ta nemi fura. Na tambayi Dakta Rahma ko jinin ne ya yi aiki. Ta ce tana zaton ya taimaka, amma da mutum ɗaya ba a yanke hukunci, sai an ga da yawa. Ishiyaku bai damu da wannan ba. Ya kama hannun Alu da hannu biyu yana ta maimaita, "Mi yetti, mi yetti," wato na gode da Fillanci, Hausar ma ta gudu ta bar shi.

Na zaci da mun dawo Rano gari zai juya. Ina! Wasu suka ce Allah sarki, wasu suka ce yanzu kuma jini yake sayarwa. Tukuba na nan a kashe, ruwan sama ya fara cin gefenta, Tani ta fara ɗaure kwanuka a buhu. Raina ya ɓaci da garinmu a lokacin, ɓacin da har yau bai gama wucewa ba.

Gero ya fara nuna sai ga Ishiyaku ya sake sauka a tasha, wannan karon da ƙullin goro. Salma ta sauka lafiya, an sami mace. Ya bi rumfa-rumfa yana raba goron suna, direbobi, dillalan shanu, masu shayi, har Alhajin nan mai tsallaka titi. Ya je ya gayyaci Liman da kansa. Fulanin Fassi ba mutanen da dillali zai ƙi amsa kiransu ba ne, don haka aka cika mota. Ga Alu kuwa abu ɗaya ya ce, "Ka zo da wuƙarka."

Da sanyin safiya muka isa. An shimfiɗa tabarmi a gindin wata ƙatuwar ɗorawa, Fulani a gefe guda, mutanen Rano a gefe guda. Liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yarinya Fatima Zahra'u. Aka jawo ragon suna, fari tas, mai ƙaho biyu a murɗe. Kowa ya san wanda ke yanka ragon suna, malami ne, ko dattijon da ba a shakkar hannunsa. Liman ya fara naɗe hannun riga, sai Ishiyaku ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, a yi mini haƙuri yau."

Ya juyo ga jama'a. Ba mai yawan magana ba ne, kuma Hausarsa a karye take, amma ba wanda bai ji ba.

"Jinin mutumin nan yana jikin 'yata. Da shi ta haifi wannan da kuka yi wa addu'a. Shi zai yanka ragon, shi zai gasa, ni zan fara ci. Wanda yake ƙyamar hannunsa, 'yata da jikata yake ƙyama. Ya tashi mini daga tabarma, ba zan riƙe shi a zuciya ba."

Na bi fuskokin mutanen Rano ɗaya bayan ɗaya, da gangan, ina jiran in ga wanda zai motsa. Alhajin ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Wani direba ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Alu, bisimilla mana, rana na yi." Ba wanda ya tashi.

Alu ya fito tsakiyar fili. Ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya zaro wuƙar da ta daɗe ba ta ga aiki ba, ya fuskantar da ragon alƙibla. Na riƙe masa ƙafafun, kuma daga inda nake durƙushe na ga hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Ni ma nawa idon ya cika, don farin ciki da kuma takaicin watannin da aka ci masa a banza. Ya ja numfashi, ya ɗaga murya yadda na bayan tabarma ma zai ji, ya ce, "Bismillahi, Allahu Akbar."